Direban da ya ɗora rana a kan motarsa

Malam Jatau, tunda ka tsare ni sai na yaba fitilun nan da ka ɗaura wa motarka, waɗanda suka kusa tsiyaye mini ido jiya da magariba a bakin kasuwa, to zauna in ba ka misali. Karatuna bai yi nisa ba, amma hanyar Jos na san ta kamar yunwar cikina.

An yi wani direba mai akori-kura guda ɗaya tal, da ita yake ci da gidansa, yana ɗauko kabeji da dankali daga kan dutse yana gangarowa da su kudu. Wata rana wani mai tirela ya dalle masa ido da doguwar wuta, sai ya ƙullaci abin, ya rantse ba wanda zai ƙara yi masa haka ya tafi a banza. Da damina ta kankama ya kai motar wurin wani tsoho mai gyaran wutar mota. Tsohon ya duba ya ce fitilun lafiyarsu ƙalau, gilashinsu ne ya dafe ya yi ja kamar haƙorin mai cin goro. A goge shi, a juya motar ta fuskanci bango, a ja layi da gawayi daidai tsayin fitilar, a saita hasken ya kwanta ƙasa da layin. Ƙananan fitilun nan biyu kuma masu ruwan ɗorawa da ke can ƙasa, a sabunta musu waya, domin su ne ke bi ta ƙarƙashin hazo su nuna wa mutum bakin kwalta. Gogan naka ya kwashe da dariya. Ya ce shi bai zo sayen aci-balbal ba, a cire masa waɗannan masu kama da idon mai ciwon shawara, a sa masa fararen nan masu zafi a ɗaga musu kai sama, sannan a shimfiɗa masa doguwar sandar fitila a kan rufi, yadda duk wanda ya tunkaro shi zai san ya haɗu da namiji. Tsohon ya ajiye sukundireba ya ce, "Ɗana, fitila don ka ga hanya aka yi ta, kuma na gabanka ma yana bukatar idonsa ya kauce maka." Ya ƙi yin aikin. Direban ya tsallaka rumfar gaba, inda ba a yi wa mai mota gardama, aka yi masa yadda yake so.

Sati uku yana shagalinsa. Masu babur suna faɗawa ciyawa, mata masu dawowa daga gona da kaya a ka suna tsayawa cak su rufe fuska da gyale, wani dattijo mai keke har sai da ya bar fatar gwiwarsa a bakin kwalbati. Shi kuwa ya isa tasha ya zauna a teburin mai shayi yana ba da labari yana buga cinya, wai motarsa rana take goyo. Dubi rashin ta-ido, mutum ya mai da idon bayin Allah abin wasa, har yana neman a tafa masa.

Ran nan ya taso da lodi har ya fi ƙarfin mota, aka yi ruwa tun la'asar, ya tsagaita dab da magariba ya bar yayyafi. Yana kaiwa gangaren dutse hazo ya sauko ya rufe hanya ruf. Ya kunna fararen nan, sai ya ga bango fari fat a gabansa kamar an shanya masa likkafani, domin hazo da jiƙaƙƙiyar kwalta sun maido masa haskensa cikin ido. Mai hankali zai rage wuta ya rage gudu. Shi sai ya ƙara ta kan rufi. Ana cikin haka wata babbar mota ta taho tana hawowa da lodin siminti, direbanta ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, yana roƙon a sassauta masa. Gogan ya ce yau ga ranar ramuwa, ya bar komai a kunne. Mai siminti ya daina ganin inda hannunsa ya ƙare, ya karkato tsakiyar titi yana lalube, ya kwashi gefen akori-kurar tun daga ƙofa har bodi, ya watsa ta cikin kwazazzabo. Kabeji ya riga mai shi isa gindin dutse.

Allah ya yi da sauran kwana, aka zaro shi ta taga da karyayyen hannu, motar kuwa ko masu sayen ƙarfe sai da suka yi mata kallon tausayi. Amma bakin bai mutu ba. Yana zaune a cikin taɓo yana zagin mai siminti, yana ce masa makaho, wa ya ba makaho tuƙi. Mutumin ya tsuguna a gabansa, idonsa na ta zubar ruwa, ya ce, "Gaskiyarka, makaho ne ya buge ka. Da idona biyu na taso daga gida, sai da na zo gabanka na rasa su."

Haka gogan naka ya koma gida a bayan motar wani, ba mota ba kabeji, ga iyali suna jiran cefane. Shi ya sa Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.