Ranar da Aka Ƙone Kaset a Jahun

Larai mai daddawa ce ta fara ba ni labarin nan, kuma a kan idonta aka yi, don rumfarta na bakin layin masu gyaran rediyo a kasuwar Jahun.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, ko wadda ta biyo. Wasu baƙi suka zo Dutse daga ƙasar waje, wai za su koya wa ma'aikata yadda ake kare haƙƙin mai fasaha: wanda ya yi waƙa ko ya rubuta littafi, kada wani ya kwafa ya ci guminsa. Magana mai kyau, ni ban ƙi ta ba. Amma wa aka ɗora a kan aikin? Wani Falalu. Kwana biyar yana gyangyaɗi a ɗakin taro, in ya farka ya sha shayi. Ya fito da jaka, da biro, da kwamfutar da ya lulluɓe da tawul don bai san inda ake kunna ta ba.

Ana jibi baƙin za su tafi, shugabarsu, wata Baturiya, ta ce tana son ganin aiki a ƙasa. Hankalin Falalu ya tashi, don in babu abin nunawa, babu kujera. Ya ɗebe su a mota sai Jahun, ranar kasuwa.

Manyan masu kwafar kaset suna nan da shagunansu, lasifika na ta ihu. Falalu ya wuce su kamar bai gani ba, kowannensu yana da wani a sama. Sai can ƙarshen layi ya hango wata tsohuwa a kan tabarma, da kaset kamar talatin a cikin tire. Ba hoto, ba tambarin kamfani. An dai rubuta da biro: Safiyatu Mai Shantu.

Ku yara ba ku san ta ba. A zamaninmu ba a kai amarya ba a sa kaset ɗinta ba, ko da yake kaɗan ne suka taɓa ganin fuskarta, don a cikin gida take waƙa, tsakanin mata.

"Ke tsohuwa, wa ya ba ki izinin kwafar wannan?"

"Izini kuma, ɗan nan?"

"Kun ji ɓarauniya!" Ya juya wajen tafinta. "Gaya wa Madam na san Hajiya Safiyatu ido da ido. Doguwa ce, fara, tana Kano. Irin waɗannan ne suka hana ta arziki."

Tsohuwar ta ƙura masa ido. Ta buɗe baki, sai ta dubi mutanen da suka taru, har da 'yan hisba biyu da limamin unguwarsu, wanda ɗansa ke auren jikarta. Ta mayar da bakinta ta rufe.

Falalu ya juye tiren a ƙasa. Ya lura tana tura wani ƙulli ƙarƙashin cinyarta, ya fizge. Tsohon kaset ne guda, naɗe cikin ƙyalle, har ya yi ja don daɗewa.

"Wannan ba na sayarwa ba ne. Don Allah, yallaɓai, ɗauki sauran duka. Daga shi ake ɗaukar su, kuma babu wani."

"Yauwa! Uwar ɓarnar ke nan."

Ya ɗaga shi sama aka ɗauki hoto, ya jefa a kan tulin, ya zuba kananzir. Baturiyar ta ɗan yamutsa fuska, amma ta tafa tare da kowa. Ta yi jawabi, tafinta ya fassara: daga yau mawaƙiyar nan za ta yi barci da daɗi, an kare mata haƙƙinta. Falalu ya tsaya kusa da wutar yana gyara hula, aka sake ɗaukar hoto. A wannan hoton aka ƙara masa girma.

Larai ce ta kama hannun tsohuwar ta raka ta gida.

Washegari da safe tsohuwar ta aika aka aro mata rediyo mai ɗauka, ta sa sabon kaset, ta rufe ƙofa don kada maƙwabta su ji. Ta ɗauko shantunta daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe shi, ta danna maɓalli, ta gyara murya za ta sake daga farko. Sai tari. Shekara ashirin ke nan da muryar Safiyatu ta tafi, ɗan abin da ya rage mata shi ne wanda aka ƙone jiya.