Rabon Kogi

"Iya, ta ina ake hayewa bana?" in ji wani shugaban makiyaya daga kan doki, ko gaisuwa babu.

Tsohuwar tana bakin kogi tun safe riƙe da igiyar karsanarta, tsoron firana, kifi mai cin nama, ya hana ta shiga. Ta ɗago ta dube shi. Shi ne dai. Bara, da zai fitar da garken ubangidansa daga fadamar Pantanal, saniyarta tilo ya kama, ya tsaga mata cinya, ya tura ta ruwa. Firana suka yi mata caa, garkensa ya haye ta saman kogin lafiya lau. "Al'ada ce, Iya," ya ce yana dariya. "Dole a ba kogi rabonsa." Ya bar tsohuwar da maraƙa tana kukan nono.

Ta nuna masa wata kwana mai ciyayi. "Can, ko gwiwa bai kai ba. Amma sauka ka gwada da ƙafa, kada doki ya kafe a laka."

Ba ta gaya masa cewa tun ruwan farko firana suka zuba ƙwai a saiwar ciyayin nan ba, iyayen suna zagaye suna gadi.

Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga.

Ihunsa ya tashi tsuntsaye. Ruwan ya tafasa, ya yi jajir.

"Iya! Miƙo sanda!"

Ita kuwa ta ja karsanarta, maraƙar bara, suka bi ta sama a hankali, ko kifi ɗaya bai taɓa su ba. Sai da ta taka gaci ta waiwayo.

"Al'ada ce, ɗana."