Ƙwaryar Malam Abdulwahabu

Kwana tara aka yi ana kwas ɗin ƙididdiga a Makarfi, kuma a cikin malaman asibiti goma sha biyun da hukumar En'e ta turo, ba wanda ya kai Tukur saurin ɗauka. Ba don ilimin ya dame shi ba, a'a, ƙarya yake da ita a rajista, yana so ya san ko lissafi zai iya tono ta.

Bazarar bara ce, sankarau na ta kwasar mutane, shi kuwa gogan ya garƙame ɗan asibitinsa na sha-ka-tafi da ke ƙasar Ikara, ya tafi Kudan duba gonar rakensa. Aka kawo wata Luba daga Paki a kan jaki, aka tarar da kwaɗo a ƙofa. A hanyar komawa ta cika. Da ya dawo ya ji jama'a sun ga zuwanta, sai ya sa sunanta a lamba ta ɗari da sha bakwai, ya rubuta an yi mata allura, ta warke. Ko a jikinsa, mara kunyar.

Malamin kwas ɗin, Abdulwahabu, saurayi ne da bai daɗe da dawowa daga karatu a Ikko ba. Ba ya dariya, ba ya faɗa. Tun ranar farko ya sa kowa ya zo da rajistar asibitinsa, da su ake darasi. Kullum maganarsa ɗaya ce: mai bincike ba ya zaɓe da son ransa, ƙuri'a ke zaɓa masa, don kowane suna ya sami rabo daidai da ɗan'uwansa.

Ranar ƙarshe Likitan Lardi ya zo da kansa. Malam Abdulwahabu ya ce za a gwada darasin a aikace, a ɗauki rajistar ɗalibin da ya fi kowa, a fidda suna ɗaya, a bi mai shi har gida a ji ko rubutun gaskiya ne. Tukur ya yi lissafi a zuci. Suna ɗari uku, ɗaya ne kawai zai iya cinye masa aiki. Ya miƙa rajistar har da murmushi.

Ɗalibai suka nemi su taya rubuta lambobin, malamin ya ce ya riga ya hutar da su. Ya ajiye ƙwarya cike da ƙananan takardu a nannaɗe, ya girgiza ta sosai.

"Malam Tukur, sa hannunka. Kada gobe a ce ni na zaɓa."

Tukur ya zaro, ya warware. Ɗari da sha bakwai. Ya tsine wa rashin sa'a a ransa, ya hau bayan motar Likita, ƙwaryar na gefensa.

A Paki direba bai tsaya tambayar kowa ba, malamin ne ke nuna masa kwana. Suka sami wani dattijo, Malam Labaran, a zauren gidan su Luba. Likita ya tambaye shi jikin Luba. Tsohon ya dubi Tukur, sannan ya ba da labarin jaki da kwaɗo dalla-dalla, ya ce ga kabarin can bayan gari ga mai son gani. Ɗanta guda ma bai sami jana'izarta ba, yana can wajen karatu.

Nan take Likita ya karɓi makullin asibitin, ya ce sauran bayani a gaban alƙali. Shekara goma sha huɗu na aiki suka tafi a tsaye, kuma wallahi ko ɗaya daga cikin 'yan ajin bai tausaya masa ba.

Tukur ya koma mota ya zube. Haushin ƙwaryar ya kama shi, ya sa ƙafa ya haure ta, takardu suka watse. Ya ɗauki ɗaya ya warware, ɗari da sha bakwai. Ya sake ɗaukar wata. Ya damƙo goma, ya damƙo ashirin, duk lamba ɗaya ce, da kyakkyawan rubutu na mai haƙuri.

Ya ɗaga kai. A ƙofar zaure Malam Abdulwahabu ya tuɓe takalmi ya durƙusa, tsohon ya dafa kansa yana cewa, "Tashi haka, Abdu. Shiga ka sha ruwa, ɗakin uwarka na nan yadda ta bar shi."