Fankar Da Ba Ta Jin Makulli

Tsohuwar fankar injin motar na yashe a ƙasa da karyayyen fiffike, Maliki direba ya sa ƙafa ya ture ta gefe. Ta ishe shi. Yau fambel ya tsinke, gobe lagireto ya tafasa, alhali mai bin hanyar Sabon Birni zuwa Isa ba ya wasa da motar da za ta mace masa a daji.

Bakaniken, Zainulabidin, bara ya dawo garejin daga Isa. Ba shi da yawan magana, ba ya kallon mutum a ido, amma hannunsa na da kyau. Shi ya kawo shawarar a cire ta injin a sa ta lantarki, wadda ke tashi da kanta idan mota ta ɗau zafi.

Maliki kuwa bakinsa ba ya hutu. Kowa a tasha ya san dabararsa, don shi da kansa yake tallarta: da ya jiyo baburan 'yan bindiga, sai ya saki titi ya kutsa cikin dawa, ya kashe mota, kowa ya yi tsit har su wuce. Bai taɓa rasa fasinja ba, in ji shi, in banda wata mai goyo da ɗanta ya ƙi yin shiru, dole ya sauke ta. A kan wannan dabara ya gina gida, ya yi teɓa, har ake rububin kujerar gaba a bas ɗinsa.

"Gobe da mutane za ka, direba?" bakaniken ya tambaya daga ƙarƙashin mota.

"A'a, hatsi na. Ni ɗai za ni."

"To madalla," in ji Zainulabidin. Ya ƙara matse noti, ya ce a je a gwada tukuna.

Washegari da hantsi Maliki ya ɗau hanya da buhunan gero har rufi, yana yabon kansa. Allurar zafi ko motsi ba ta yi. Ya yi nisa da gari sosai, sannan ya jiyo su can gaba, babura da yawa. Ko gezau bai yi ba. Ya karya sitiyari ya shige gonar dawa, ya murɗa makulli, injin ya mutu.

Fankar ba ta mutu ba. Sai ma ta ƙara ƙaimi, tana gunji a tsakiyar gona.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya zare makullin gaba ɗaya, tana yi. Ya ɗaga kujerar da injin ke ƙarƙashinta, ya ga an ja wayar fankar kai tsaye zuwa batir, an matse ta tamau. Ya lalubi sifana a akwatinsa, babu. Can kan titi baburan suka rage gudu, suka tsaya.

Ya cafki wayar zai fizge, sai ya ji ta naɗe da tsumma, an ƙulle ta gam a jikin ƙarfe. Guntun majanyi ne, kore mai ɗigon fari. Ya san shi, don da shi ya finciko mai goyon nan daga mota.

Karan dawa na karyewa a bayansa lokacin da ya tuna mutumin da ya kora a tashar Isa washegarin ranar da ya sauke ta, wanda ya zo tambayar matarsa da ɗansa, kansa a sunkuye, hannuwansa duk baƙin mai irin na bakanike.