Aron Ciwo

Sau uku ofishin tallafin naƙasassu yana dawo mini da takardata, kuma bakina ne ya ja mini. Duk sanda Likita Sagir, likitan gidanmu, ya ce, "Inna Tabawa, ya jiki?" sai in ce, "Da sauƙi." To me zan ce? Haka muka taso. Shi kuwa abin da na faɗa yake rubutawa.

Yau ko koko ban tsaya sha ba, don sabuwar doka ta iso asibitinmu: likita ba zai sa hannu a rahoto ba sai ya ari ciwon mai shi na minti goma.

Ya sa mini munduwar aron ciwo, ya sa wa kansa 'yar'uwarta. Na lura hannunsa na hagu yana rawa.

"Ragowar ciwon wani tsoho ne da na ara tun makon jiya," in ji shi. "Sun ce zai wuce."

Ya danna munduwar. Wayyo daɗi! Ƙugun da ya shekara tara yana cina ya yi tsit. Na miƙe ba sanda, na zagaya teburinsa sau biyu, na sunkuya na taɓa yatsun ƙafata, na rangaɗa guɗa har masu bin layi suka leƙo.

Da na waiwayo, ga likita durƙushe, gumi na ɗiga kan takardata, rubutunsa ya riga ya shiga shafi na biyu.

"Sannu, ɗan nan. Ya jikin?"

Ya ɗago, ya cije leɓe.

"Da sauƙi, Inna."