Jinin Hansai

Tun da aka kafa dokar gwajin jini, duk mai minsharin da jininsa ya nuna zuciyarsa na cikin haɗari, Gidan Barci ake mai da shi da zama, inji na gadin numfashinsa. Can aka kai Malam Tanimu, mijin Hansai.

Da hantsi ta kai masa koko, ta tarar ya murmure, idonsa ya washe.

Ta ce, "Malam, wa ke taɓa ka in numfashin ya ɗauke?"

"Injin mana, Hansai. Shi ba ya gyangyaɗi."

Tun tana amarya, in numfashinsa ya ɗauke cikin barci, take zungurarsa da gwiwar hannu har ya ja iska. Yanzu ɗakinta tsit, barci kuma ya ƙaurace mata.

Da za ta fita, sai ta miƙa wa ma'aikaciyar jinya yatsa, don ta ji ana haɗa mata da miji ɗaki ɗaya in jininsu duka ya nuna.

Ma'aikaciyar ta gwada, ta yi murmushi. "Barka, Mama. Zuciyarki lafiya lau."

Hansai ba ta motsa ba. Ta ce, "Daure, 'yar nan, ki gwada ɗaya hannun."