Awon Kwanso

Furera ta zura kwanson harsashi na goma sha ɗaya cikin ma'aunin ƙarfe, ta shafa gindinsa da babban yatsa. Ya ɗan turo waje, bai kai kaurin gashi ba. Ta mayar da shi injin matsi, ta ja hannun ƙasa, ta sake aunawa. Ya zauna daidai.

Ƙarfe goma na safiyar Talata. Mijinta Muntaka yana wurin aikin gadi a Upper Marlboro, 'yarsu Jidda tana makaranta. Garejin gidansu da ke garin Bowie yana warin man bindiga.

Muntaka ne ya koya mata wannan aiki tun suna sabon aure, kafin a tura shi yaƙin Iraƙi. A lokacin yakan haɗa harsasansa da kansa saboda farautar barewa, ita kuma tana zaune kan bokiti tana miƙa masa kwansuna. Ya nuna mata cewa daga gindin kwanso zuwa kafaɗarsa akwai tsawon da bindiga take so. In ya zarce, sakatar bindigar ba za ta rufu ba. In ya gaza da yawa, kwanson kan tsage, wuta ta dawo wa mai harbi a fuska. Ba ta manta ko kalma ɗaya ba.

Mutumin da ya dawo mata a 2008 ba ya farauta. Ba ya zuwa filin harbi. Amma duk Asabar bayan azahar sai ya shiga gareji ya kulle, ya goge bindigar, ya jera harsasai ashirin da ke cikin koren akwati, ya mayar. Wata rana ya fasa talabijin saboda ƙarar jirgi a wani fim. Wata rana ta farka ta ji hannunsa a wuyanta, idonsa a buɗe amma ba ita yake gani ba. Ta yi sati tana naɗa gyale a wuya zuwa asibitin da take aikin jinya.

Ta roƙe shi ya sayar da bindigar, ya ce a'a. Sau uku tana karɓar masa ranar ganin likita, sau uku bai je ba. Ta taɓa ɓoye akwatin, washegari ya cika wani.

A watan nan kuma ya yi laushi. Ya kyautar da takalmansa na soja. Ya nuna mata inda ake kashe ruwan gidan. Ya kai Jidda shan askirim a ranar makaranta.

Wayarta ta yi ƙara. Yayarta Mardiya ce daga Manassas.

"Ki ɗauko yarinyar nan ku taho. Ɗaki yana nan. Sai ya kashe ki tukuna?"

"Jidda za ta zo ranar Juma'a, Yaya. Ni ina da abin da zan ƙarasa."

"Wane abu?"

"Zan yi maganin abin. Asabar komai zai ƙare."

Ta kashe wayar, ta ɗauki kwanso na goma sha biyu. Ta zura shi a ma'auni. Ta lura da aikin hannunta, kamar yadda take lura da bugun jinin majinyaci, ba ta ji komai ba.

Kafin azahar ta gama ashirin. Ta ɗora kowanne a sikeli ta gwada nauyinsa da na Muntaka, domin hannunsa ya san nauyin kayansa. Ta goge su da tsumma, ta jera a koren akwati, nasa kuma ta zuba a jaka ta kai but ɗin motarta. Ta share teburin, ta mayar da kujera daidai inda ƙafafunta suka bar shaida a ƙasa.

Laraba da Alhamis ta je aiki. Juma'a ta kai Jidda Manassas, ta bar jakar a can ba tare da ta ce wa kowa komai ba.

Asabar ta yi masa tuwon semo da miyar kuka. Ya cinye, ya wanke kwanonsa da kansa. Ya tsaya a bayanta na ɗan lokaci.

"Furera, kin yi haƙuri da ni."

"Babu komai, Abban Jidda."

Ya shiga gareji. Ta ji makulli ya juya.

Ta kashe famfo, ta dafa bakin sinki. Bango ɗaya ne tsakaninsu. Ta ji an buɗe akwatin. Ta ji an ja sakata, ta ji ta rufu sumul, babu cijewa. Awonta ya yi.

A waje wani maƙwabci yana hura ganyen da ya zuba a farfajiyarsa da inji. Agogon murhu ya nuna uku da minti bakwai. Ya nuna da takwas.

Ƙyas.

Bindigar ba ta tashi ba. An sake jan sakata. Ƙyas.

 Can ta ji ƙarar filaya kan ƙarfe, sannan makulli.

Muntaka ya fito ya tsaya a ƙofar kicin, hannunsa na dama a dunƙule.

"Yaushe?"

"Talata."

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da firiji. "Likitan nan," in ji shi. "Kira shi."

Ta ɗauki waya. Tana danna lamba ya buɗe hannunsa, geron da ta ɗura a harsasan a madadin albarushi ya zube kan tayil, ita kuwa idonta yana kan ƙasan haɓarsa, inda bakin bindigar ya bar masa zoben baƙin mai.